Direban da aka kama da tramol ya ce ƙanena ne mai kayan: maganarsa kaɗai za ta iya ɗaure shi?

"Assalamu alaikum, Metir. Ina rubuto maka daga Tawa. Ƙanena yana da shagon kayan gyaran babur. Sati uku ke nan aka tare wata mota a hanyar Ƙonni, wajen Badagishiri, aka samu katan-katan na tramol a ƙarƙashin buhunan masara. Direban ya amsa laifinsa, ya kuma ce ƙanena ne mai kayan. An bincike shago da gida, ba a samu ko ƙwaya ɗaya ba, amma an tafi da shi, yanzu yana gidan kaso. Wani ɗan'uwanmu da ke Sakkwato ya ce mu kwantar da hankalinmu, wai doka ba ta karɓar maganar wanda ake tuhuma a kan abokin tuhumarsa. Gaskiya ne? In gaskiya ne, don mi ba a sake shi ba?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya kawo muku sauƙi, ya bayyana gaskiya. Tambayarki biyu ce a cikin ɗaya: ko kotu za ta saurari abin da direban ya faɗa a kan ƙanenki, da kuma ko abin da ya faɗa ya isa a yanke masa hukunci. Amsar ta farko, i, za ta saurara. Ta biyun ce ke da tsawo, kuma a cikinta aikinku yake.

Ɗan'uwanku bai yi ƙarya ba, amma dokar Najeriya ya faɗa muku

Na daɗe ina cin karo da wannan ruɗani, musamman a wurin mutanen Ƙonni, Madawa da Tawa, waɗanda ƙafarsu ɗaya ke nan ɗaya ke Illelar Najeriya ko Sakkwato. A Najeriya akwai dokar shaida ta 2011, kuma sashe na 29 na cikinta ya ce idan an haɗa mutane a tuhuma ɗaya, ɗayansu ya amsa laifi a gaban sauran, kotu ba za ta yi aiki da wannan iƙrari a kan sauran ba, sai fa wanda ya amince da shi da bakinsa ko da halin da ya nuna. Tsarin Ingila ne suka gada, wanda ke tace hujja tun daga bakin ƙofa: wannan ta shiga, wannan ba ta shiga ba. Indiya, inda ake yin mafi yawan tramol ɗin da ke yawo a kasuwanninmu, ta bi tata hanyar. A 2020 kotun ƙolinsu, a shari'ar Tofan Singh, ta ce iƙrarin da aka yi a gaban jami'an yaƙi da ƙwaya daidai yake da wanda aka yi a gaban ɗan sanda, ba a kafa hukunci a kansa.

Ko a fiƙihun da muka tashi muna ji a zaurukan malamai, ƙa'idar ita ce iƙrarin mutum kansa kaɗai yake ci, ba ya tsallakawa kan wani. Shi ya sa maganar ɗan'uwanku ta zauna muku a zuciya: ta yi daidai da abin da hankali ya saba da shi.

To amma kotun da za ta yi wa ƙanenki shari'a ba da ɗaya daga cikin waɗannan take aiki ba. Dokarmu ta bin shari'ar laifuka a nan Nijar an fara kafa ta ranar 14 ga Agusta 1961, an yi mata gyare-gyare da dama, kuma tushenta na Faransa ne. A wannan tsari ana iya tabbatar da laifi ta kowace irin hujja, alƙali kuma ya yanke hukunci da abin da zuciyarsa ta natsu a kai bayan an baje komai a gabansa an yi muhawara. Iƙrari ma hujja ce kamar sauran, an bar wa alƙali ya auna ta. Ƙofar a buɗe take ke nan. Maganar direban ta riga ta shiga dosiye, ba kuwa wanda zai fitar da ita don kawai shi ma ana tuhumarsa. Dokar da ta shafi ƙwaya kanta, wato ta 99-42 ta 23 ga Satumba 1999, ba ta sauya wannan ba.

Dalilin da ya sa ba a sake shi ba kuwa shi ne, ma'aunin tsare mutum daban, ma'aunin ɗaure shi daban. Don alƙalin bincike ya tuhumi mutum ya aika shi kaso, alamu masu ƙarfi sun isa, tare da tsoron kada ya gudu ko ya haɗa baki da sauran. Don kotu ta same shi da laifi, sai ta gamsu, kuma shakka riba ce ga wanda ake tuhuma. Sunan da direba ya ambata yakan isa ga na farko. Ga na biyu, idan shi kaɗai ne ba abin da ya tallafe shi, hujja ce mai rauni ƙwarai, ko da yake ba zan ɓoye miki ba, doka ba ta ɗaure hannun alƙali ta ce haramun ne ya dogara da ita ba. Abin da ta wajabta masa shi ne ya rubuta dalilansa a cikin hukuncin, kuma a nan kotun ɗaukaka ƙara ke samun abin kamawa.

Me ya sa maganar abokin tuhuma take da rauni

Abu na farko da mutane ba su sani ba: direban ba shaida ba ne. Shaida yana rantsuwa, in ya yi ƙarya akwai hukuncin shaidar zur a kansa. Wanda ake tuhuma ba a rantsar da shi. Yana iya faɗin wannan yau, gobe ya faɗi wancan, ba wanda zai hukunta shi don ya kare kansa da ƙarya. Duk abin da ya fito bakinsa bayani ne kawai da za a duba.

Na biyu, yana da riba a cikin maganar. An kama shi da kaya a motarsa, ba shi da hanyar musu. Abin da ya rage masa shi ne ya rage girman kansa, ya zama ɗan aike maimakon mai kaya. Dokar ƙwaya ma ta tanadi sassauci ga wanda ya taimaka aka gano sauran abokan harka, kuma ko wanda bai taɓa karanta doka ba ya san cewa mai ba da suna ya fi mai shiru samun sauƙi. Wanda ya faɗa ruwa, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Na uku shi ne wanda na fi gani a aikina, kuma shi ne alƙalai suka fi saurara idan an bayyana musu da kyau. Ɗan aike yana tsoron mai kayan gaske fiye da yadda yake tsoron kaso. Mai kayan ya san gidansa, ya san matarsa da ƴaƴansa, wataƙila ma shi zai ci gaba da ciyar da su muddin bakin direban a rufe yake. Masu bincike kuma suna son suna. Sai ya ba su sunan da ba shi da haɗari: wanda suka taɓa saɓani kan bashi, wanda ya taɓa ɗauko wa kaya na halal, wanda lambarsa ke cikin salularsa don haka maganar za ta yi kama da gaskiya. Mai shagon kayan babur da ke sayo kaya daga Ƙonni ya dace da wannan gurbi sosai. Ban ce haka aka yi wa ƙanenki ba, ban karanta dosiyen ba, ban kuma zauna da shi ba. Wani lokaci direban gaskiya yake faɗi, kuma dangi su ne na ƙarshe da ke sani. Masu wannan harka da suka ƙware ba sa ajiye ko ƙwaya ɗaya a gida, alƙalai ma sun san haka, saboda haka rashin samun komai a shago taimako ne amma ba shi ne ƙarshen zance ba.

Ku kuma san yanayin da ake ciki. Tun da aka kama tan 17 na tabar wiwi a Yamai a watan Maris na 2021, aka kuma kama kilo 214 na hodar ibilis a jihar Agadas a Janairun 2022, idon kowa yana kan hanyar da ta tashi daga kudu ta bi Tawa da Abalak zuwa arewa. Hukumar OCRTIS mai yaƙi da fataucin ƙwaya da sauran jami'ai ba direba suke nema ba, wanda ke bayansa suke nema, kuma suna da gaskiya a kan haka. Sai dai wannan neman ne ke sa sunan da aka ambata ya yi nauyin da bai kai ba. A zuciyar mai bincike, ruwa ba ya tsami banza.

A ina ya faɗa, da wane harshe, wa ke wurin

Idan na karɓi irin wannan shari'a, ba na fara tambayar ko direban ya faɗi gaskiya. Ina fara tambayar sau nawa ya yi magana, da kuma inda ya yi ta. Yawanci sau uku ne ko huɗu: a wurin jandarma ko ƴan sanda lokacin tsarewar bincike, a gaban mai gabatar da ƙara, a gaban alƙalin bincike, sannan a zauren kotu. Sai in jera su gefe da gefe. Wanda ya ga abu da idonsa, ƙananan bayanansa ba sa motsi: ranar da aka loda kaya, wurin da aka haɗu, kuɗin da aka yi alkawari, wanda zai karɓa a ɗaya ɓangaren. Wanda ya ƙirƙira kuwa, sunan kaɗai yake riƙewa, sauran su yi ta sauyawa. Yau a tasha aka haɗu, gobe a bayan kasuwa. Yau jaka ɗari aka yi masa alkawari, gobe jaka hamsin.

Takardar bayanin da ƴan sanda ko jandarma suka rubuta, wadda kowa ke kira PV, a irin waɗannan laifuka bayani ce kawai ga alƙali, ba wahayi ba ce. Ana iya ja da ita. Ga kuma matsalar da ta fi damuna da ita: da Faransanci ake rubuta ta, mutumin kuwa da Hausa ya yi magana, ko Tamashek, ko Fulatanci, ko Zabarmanci. Sau da yawa wanda ke tambayar shi ne mai fassarar, shi ne kuma mai rubutun. A ƙarshe a miƙa wa wanda bai yi lakkol ba takarda ya dangwala yatsa.

Na taɓa kare wani mutum da aka tsare watanni saboda jimla ɗaya. A PV an rubuta cewa yaron mota ya ce kayan na wane ne, aka sa cikakken sunan mutumin. Da aka zo gaban alƙalin bincike aka sa tafinta, sai yaron ya ce shi abin da ya faɗa shi ne "saƙon Alhaji ne". Aka tambaye shi wane Alhaji, ya ce wanda ke ba su lodi. A motar akwai lodin Alhazai uku. Mai rubutu ya duba takardar kaya, ya ga sunan wanda buhunansa suka fi yawa, ya cike gurbin da kansa. Ba na jin da mugunta ya yi, gajiya ce da gaggawa. Amma kalmomi irin su "maigidana", "saƙo", "magani", "shi ya aiko ni" kowacce tana da fuska biyu ko uku a Hausa, Faransanci kuma sai ya zaɓi ɗaya. Don haka lauyan ƙanenki ya nemi a tambayi direban ainihin kalmomin da ya furta da harshensa.

Sai batun lauya. Tun da dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa, mai lamba 05 ta 2014 ta fara aiki, lauya yana da ikon tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi, ba sai an kai shi kotu ba. Mun fita CEDEAO a Janairun 2025, amma muna nan cikin UEMOA. A aikace, mafi yawan lauyoyi a Yamai suke, kuma wanda aka tare da tsakar dare a hanyar Badagishiri da wuya ya ga ko ɗaya kafin ya gama magana. A duba PV ko an sanar da direban wannan haƙƙi, a duba sa'ar da aka fara tsare shi da sa'ar da aka gama, da ko an nemi izinin ƙarin lokaci bayan awa 48 na farko. Kuskure a nan yana iya zama dalilin neman a soke takardar.

Wuri ɗaya ne ƙofar take rufe ruf, ko a tsarinmu: maganar da aka samu ta hanyar azabtarwa. Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa a 1998, sashe na 15 na cikinta ya hana a kafa hujja da irin wannan bayani a kowace shari'a, a 2020 kuma aka sa azabtarwa cikin laifukan da dokarmu ke hukuntawa. Hanin bai tsaya kan wanda aka azabtar ba, ya haɗa da wanda ya ambata. Amma faɗi ba ya isa. Kusan kowa yakan ce an doke shi idan ya zo gaban alƙali, kunnuwa sun saba. Abin da ke aiki shi ne takardar likita da aka yi da wuri, ko tabon da alƙalin bincike ya gani ya sa aka rubuta.

Kada ku sa rai cewa idan direban ya janye maganarsa shi ke nan. Alƙali yana da ikon ya gaskata ta farko ya ƙi ta biyu, yana ma iya ɗaukar rabin magana ya bar rabi. Janyewar da ta zo da dalili mai ma'ana tana da amfani. Wadda ta zo bayan dangin wanda aka ambata sun yi ta zirga-zirga gidan kaso kuwa, ƙara nauyi take yi.

Abin da ya kamata a nema yanzu

Tun da sati uku sun wuce ba a yi zaman kotu ba, alama ce dosiyen yana hannun alƙalin bincike. Wannan lokaci shi ne mafi daraja a shari'ar gaba ɗaya, kuma shi ne dangi suka fi ɓatawa da zaman jira. Alƙalin bincike aikinsa ya nemo abin da ke ɗaure mutum da abin da ke wanke shi, amma dosiye sun yi masa yawa, abin da ba a roƙa a rubuce ba yakan kwana.

A roƙi a haɗa su gaba da gaba, direban da ƙanenki, a gaban alƙali, lauya yana wurin. Haƙƙi ne da yarjejeniyar duniya kan ƴancin jama'a da siyasa ta tanada a sashe na 14, cewa wanda ake tuhuma ya samu damar yi wa mai zarginsa tambaya. Tambayoyin ƙanana ne ke aiki: ina shagon yake, wane launi ne ƙofarsa, yaushe kuka fara hulɗa, wa ya haɗa ku, da wace lamba yake kiranka, a hannu ya ba ka kuɗi ko aikowa ya yi. Kowace amsa abu ce da za a iya zuwa a duba.

A roƙi a nemo bayanan kiran waya daga kamfanonin salula. Wannan wuƙa ce mai baki biyu, kuma dole in faɗa miki. Idan ba kira ko ɗaya tsakaninsu, maganar direban ta kusa faɗuwa. Idan akwai kira goma a daren da aka loda kayan, ta samu ƙafafu. Haka ma rasit na kamfanonin aika kuɗi: harkar Ƙonni da Tawa yawancinta ta nan take bi, kuma suna ajiye suna da rana. Shi ya sa kafin lauya ya roƙi komai, sai ƙanenki ya gaya masa gaskiya tsirara, har abin da yake jin kunyar ku sani. Sirrin da ke tsakanin lauya da wanda yake karewa doka ce ta tsare shi. Idan ya san direban, ya ce ya san shi. Na ga mutanen da ba su da hannu a ƙwaya suka jefa kansu cikin rami saboda tsoro ya sa sun ce ba su taɓa ganin mutumin ba, daga baya lambarsa ta fito a wayarsu. Daga nan alƙali ba ya ƙara gaskata komai nasu.

Ku kuma, a gida, ku tattara abin da ke nuna halin rayuwarsa: littafin shago, rasit ɗin kayan da yake sayowa, takardar haya, patanti, inda yake a ranar da aka ce an haɗu. Idan akwai tsohuwar rigima tsakaninsa da direban, ku nemo waɗanda suka san ta tun kafin kamun. Da waɗannan lauya zai nemi sakin talala. A shari'ar ƙwaya ba a cika bayarwa da sauƙi ba, amma wanda ke da gida sananne, da iyali, da sana'a, ba a kuma samu komai a hannunsa ba, yana da abin faɗi, kuma in an ƙi yau ana iya sake nema.

Abu biyu nake roƙonku ku guje wa. Kada kowa ya je wurin direban ko danginsa da roƙo, da kuɗi, ko da barazana, domin wannan laifi ne mai zaman kansa, kuma zai sa a ce ga hujjar da ake nema. Na biyu, ƴan tsakiyar da ke yawo a bakin kotu suna cewa sun san wane, a kawo jaka kaza a kashe magana. Na ga gidajen da aka sayar da gona saboda su, mutumin kuma yana nan a kaso.

Idan kuɗin lauya ya fi ƙarfinku, akwai hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011 don taimakon marasa hali a shari'a, ku tambayi ofishinta a babbar kotun Tawa. Idan bincike ya ƙare ba abin da ya tallafi maganar direban, alƙalin bincike yana iya rufe tuhumar a kan ƙanenki ba tare da an je zaure ba. In kuma an je aka yanke hukuncin da bai yi muku ba, kwana goma ne wa'adin ɗaukaka ƙara, kuma kotun ɗaukaka ƙarar tana nan Tawa, ba sai kun zo Yamai ba. Ranar da za ku fara ganin lauya, ku tafi da takardar binciken da aka yi a shago da gida idan an ba ku, da lambobin wayar da ƙanenki ke amfani da su duka, har wadda ya daina.